Rabin Ji da Na'urar Warkar da Saran Maciji

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, mu gyara zama mu ji ta.

An yi wani mai gyaran rediyo a wani layi mai shaguna a jere. A gaban idonsa Injiniya ake ce masa, don shi ya raɗa wa kansa sunan, har ya sa aka rubuta a jikin ƙofa. A bayan idonsa kuwa Rabin Ji ake kiransa, kuma sunan yana da dalili.

In aka kawo masa rediyo ya gyara, sai ya kunna don ya gwada. Duk shirin da ya tarar ana yi, nan zai kafa kunne. Mai rediyo kuwa yana tsaye, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana sauri. Da ya ji abinsa na magana sai ya sallami Injiniya, ya saɓa rediyonsa ya tafi, mai shirin na tsakiyar jimla. Saboda haka Injiniya bai taɓa jin farkon shiri ba, bai taɓa jin ƙarshensa ba. Abin da ya ɓace masa kuwa ba ya damunsa, daga kansa yake cikawa, ya fito bakin ƙofa ya karanta wa mutane.

Shagon ba mallakarsa ba ne, amma a cikinsa ya girma. Mahaifinsa ne ya fara kama shi haya, kuma har yanzu ƙusoshin da tsohon ya kafa su ne yake rataye wayoyinsa. Mai shagunan wata dattijuwa ce da kowa ke ce wa Gwaggo. Gidanta na bayan shagunan, tagarta na kallon layi, kunnenta kuma ya fi na yaro.

Tsakaninta da Injiniya akwai tsohon zance. Ya taɓa jin rabin wani shiri a kan maganin ɓarayi, sai ya jona wa mariƙin ƙofarsa lantarki. Ashe ƙofofin layin duka ƙarfe ɗaya ya haɗa su. Ɓarawo bai zo ba, Gwaggo ce ta zo duba rufin da ke yoyo, ta kama ƙofa, wuta ta jefar da ita a kwata. Bayan an ba ta ruwa ta dawo hayyacinta, ta kira shi gaban kowa, ta ce:

"Ɗan nan, albarkacin ubanka ka ci yau. Amma in na sake jin ihu ya fito daga shagon nan, makullina za ka miƙo mini."

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan magana shi ne Tela. Shi ba shi da shago, a ƙarƙashin 'yar rumfa yake kafa kekensa a jikin bangon Injiniya, rana ta doke shi, ruwa ya jiƙa masa yadin mutane. Tun daga ranar ya riƙa ɗinki da kunne ɗaya a jikin bango.

To, ana nan, wata safiya mai faci ya kawo rediyonsa. Injiniya ya liƙe wata waya da ta saki, ya kunna, sai ga muryar wata likita tana bayani a kan dafin maciji. Ta ce dafi iri-iri ne. Akwai mai lalata jini, akwai mai kama jijiya, irin na gamsheƙa. Ta ce duk motsin da mutum zai yi, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta cikin jijiya zuwa tsoka. Shi wannan dafin sai ya je daidai mahaɗar jijiya da tsoka ya toshe ta, saƙo ya zo ya rasa hanyar wucewa. Fatar ido ce ke fara saukowa, mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Sai harshe ya yi nauyi, sai yawu ya ƙi haɗiyuwa, daga ƙarshe ƙirji ya kasa ɗaga numfashi, alhali mutum yana jin duk abin da ake faɗa a kansa.

"Abin da ya kamata a yi nan take," in ji likitar, "shi ne a..."

Mai faci ya kashe rediyonsa, ya ce an bar masa taya a buɗe, ya tafi.

Injiniya ya zauna yana juya maganar a ransa. Saƙo, waya, mahaɗa. Ai wannan ba aikin likita ba ne, aikinsa ne. Sau nawa rediyo ke mutuwa don mahaɗa ta yi tsatsa, ya ɗan watsa mata wuta ta farfaɗo? Ya fito bakin ƙofa ya tara maƙwabta, ya shaida musu cewa ɗan Adam rediyo ne mai ƙafafu, kuma likitoci sun daɗe suna cin abincin masu gyaran rediyo. Daga yau duk wanda maciji ya sara a unguwar nan, kada a wahalar da shi zuwa asibiti, a kawo shi shago.

Tela bai ɗaga kai daga kekensa ba, ya ce, "Injiniya, ka taɓa ganin gamsheƙa kuwa?"

"Kai ka taɓa ganin gonar auduga? Ga shi kana ɗinka riga."

"Ni rigata ba ta taɓa jefar da Gwaggo a kwata ba."

Aka yi dariya. Injiniya ya ce masu dariya su ajiye haƙoransu, za su buƙace su ranar da gidan rediyo zai zo ɗaukar muryarsa.

Ya rufe kansa a shago yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase, har ya fito da na'ura. Akwatin katako ce, a ciki batirin mota da kwayil ɗin wani tsohon babur. Wayoyi biyu sun fito daga gefe, kowace da maƙali mai haƙora a bakinta. A sama ya dasa jan ƙwan lantarki da ƙararrawar keke, ba don suna da aiki ba, sai don ya ce na'urar da ba ta ƙara mutane ba sa girmama ta. Ya sa mata suna Tashi-Tsaye.

Sai dai an sami matsala guda. Layin nan kwalta ne da siminti, rabon da a ga maciji a wurin har an manta. Injiniya ya zauna jiran mara lafiya, mara lafiya ya ƙi zuwa. Ya koma in ya gaisa da mutum ba ya sakin hannunsa sai ya leƙa fatar idonsa. Mata suka daina bi ta gaban shagon, suka ce mai rediyo ya fara wani irin kallo.

A tsallaken titi akwai wani babban ɗakin ajiyar kaya, da wani tsoho da ke gadinsa. Baba Mai Gadi ba ya barci da dare, saboda haka da rana yakan jingina da bishiyar bakin ƙofar, sandarsa a cinya, ya rama. Wata azahar Injiniya ya hango shi: ido rabi a rufe, kai ya karkace, yawu na bin gemu. Ya ɗauki akwati ya tsallaka titi da gudu, mutane suka biyo shi.

Ya durƙusa, ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban fuskar tsohon, ya tambaye shi nawa yake gani. Baba yana can cikin mafarki mai shayi na tambayarsa cokalin sukari nawa zai zuba, sai ya ce cikin magagi, "Biyu."

Injiniya ya juyo ya dubi jama'a, ya ce su zama shaida: ido ya sauka, yawu ya zubo, ga shi yana gani biyu-biyu. Saura numfashi. Ya maƙala waya ɗaya a babban yatsan ƙafar Baba, ɗaya a kunnensa, ya kaɗa ƙararrawa, ya danna.

Ihun da tsohon nan ya yi sai da tantabaru suka tashi daga rufin ɗakin ajiya. Ya miƙe tsaye bai dafa ƙasa ba, abin da 'ya'yansa suka ce rabonsa da yi tun suna goye. Ya dubi wayar da ke lilo a kunnensa, ya dubi Injiniya, ya ɗaga sanda. Suka zagaya layin shaguna, suka sake zagayowa, Injiniya na gaba rungume da akwati, yana haki yana ce wa mutane su duba da kyau, mutumin da ya kasa ɗaga fatar ido ɗazu ga shi yana tsere da matashi.

Gwaggo ta fito da mayafinta a hannu. Injiniya ya tsaya a bayanta don sanda ba ta isa nan, ya rantse mata cewa ihun daga tsallaken titi ya fito, shagonta ko tari ba a yi a cikinsa ba. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce ta ji, ta koma gida. Baba Mai Gadi ya koma gindin bishiyarsa, amma daga ranar da ido ɗaya yake barci.

Ba a daɗe ba haƙori ya matsa wa Tela. Ya je aka yi masa allurar kashe zafi, aka cire, aka cusa masa auduga cike da baki. Ya dawo rumfarsa kunci ya saki, leɓe ya zube gefe guda, yawu na ɗiga a kan wandon da yake ɗinkawa. Injiniya ya leƙo ya gaishe shi. Tela ya amsa, amma abin da ya fito ba ya kama da maganar mutane.

Injiniya ya dafe ƙirji. Ya kira mai faci da mai sayar da kwanuka, ya ce maƙwabcinsu ya kai mataki na uku, in ba a yi sauri ba sai dai a nemo likkafani. Tela ya riƙa girgiza kai yana nuna bakinsa. Injiniya ya fassara musu cewa yana nufin a baki macijin ya sare shi. Tela ya kai masa naushi. Injiniya ya kauce, ya yi musu bayani cikin natsuwa cewa haka abin yake: wanda dafi ya kama zai ƙi magani, zai roƙa, zai yi faɗa, amma ba shi ke magana ba, dafin ne. Kada a saurare shi.

Mutanen kirki ne, ba sa son maƙwabci ya mutu a gabansu. Suka ɗauke Tela cak, suka shigar da shi shago, suka danne. Aka maƙala masa waya a leɓe, ƙararrawa ta yi ƙara. Allah ya taimaki Injiniya, audugar nan ta tare ihun, abin da ya fito sai wani gurnani kamar na sa a cikin rijiya. Amma ƙafar Tela ba a cusa mata auduga ba. Ta harbi kantar shago, rediyoyin mutane suka zubo ƙasa kamar ana sauke duwatsu.

Tagar Gwaggo ta buɗe. Ta tambaya me ta ji.

"Gurnani ne, Gwaggo," in ji Injiniya. "Ki tambayi kowa. Gurnani daban, ihu daban."

Tagar ta daɗe a buɗe kafin ta rufe.

Zuwa la'asar allurar ta saki Tela, kamar yadda mai cire haƙorin ya faɗa masa tun farko. Injiniya ya bi shago-shago yana shelar cewa harshen da ya mutu da hantsi ya tashi. Harshen kuwa ya tashi sosai, don Tela bai bar kowa a dangin Injiniya ba sai da ya ambace shi. Da ya gaji, ya tofar da sauran audugar, ya ce magana ɗaya ta rage: in Injiniya ya isa, ya kawo maciji na gaske, ya sari abu mai rai a gaban jama'a, na'ura ta tayar da shi. Shi Tela zai ba da zakaransa a gwada. Injiniya ya ce ya karɓa, a gayyato duk unguwa.

Da ya koma gida ya ba matarsa labari. Ita tana da wani ɗan rediyo a ɗakin girki wanda bai taɓa lalacewa ba, saboda ba ta taɓa barin mijinta ya taɓa shi ba. Ta ce ai ta ji shirin nan har ƙarshe. Likitar cewa ta yi a kwantar da mutum kada ya yi ta motsi, a garzaya da shi asibiti inda ake da allurar kashe dafi da abin taimakon numfashi. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. Har ta ja kunne a kan masu jona wa mutane wuta.

Injiniya ya yi murmushi irin na wanda ya san duniya, ya ce to da me take so su ce? Su faɗi gaskiya kasuwarsu ta mutu?

"Maigida," ta ce, "shagon nan shi ne tukunyarmu. Ka bar shi ya ci gaba da dafa mana."

Ya ce nan gaba kaɗan Gwaggo da kanta za ta roƙe shi ya karɓi shaguna biyu.

Matar tana da ƙane direban babbar mota, mai bin hanyoyin daji. Injiniya ya aika aka kira shi, ya ce yana son gamsheƙa, baƙi, babba, mai zafin rai. Direba ya ce wannan ai ƙaramin abu ne a wurin yayansa. Kafin ya tafi, yayarsa ta ja shi ɗakin girki, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, ya fito yana goge hawayen dariya, ya ce albasa ce.

Da ya dawo daga tafiya sai ga shi da buhu ɗaure da igiya, yana riƙe da shi nesa da jikinsa.

"Yaya, ga baƙonka. Amma don Allah kada ka buɗe sai ranar. Wannan ko motsi ba ya yi da gaggawa, tsabar ya yarda da kansa."

Injiniya ya sa doguwar sanda ya taɓa buhun. Ya ji abu dunƙule, mai tauri kamar dutse, sai kuma ya ji huci, fuuu. Ya ja da baya har ya taka bokiti. Da ya daidaita murya ya bayyana wa iyalinsa cewa macijin ya naɗe kansa ne, taurin nan kuwa tsoka ce zalla. Ya sa aka ajiye buhun a bayan gida, shi kuma ya daina zagayawa can, ya ce iskar gidan maƙwabta ta fi. Ya dai lura matarsa na kai ganyen latas wajen buhun. Ta ce shimfiɗa take yi wa baƙo.

Ranar gwaji ta zo. Tun da safe Injiniya ya sa Direba ya kai buhun shago ya tura ƙarƙashin tebur. Sai a lokacin ya tuna bai shirya wanda zai kwance bakin buhu ba. Ya nemi mai sa kai, kowa ya ce yana da iyali. Saboda haka ya ɗauki filaya mafi tsawo, ya miƙa hannu yana kau da fuska, ya sassauta ƙullin, yadda in lokaci ya yi fizga ɗaya za ta isa.

Layi ya cika. Masu shaguna suka rufe, masu wucewa suka tsaya, wasu suka hau kan benci. Tela ya zo da zakaransa a hammata. Baba Mai Gadi ya tsallako da sandarsa, ya tsaya a sahun gaba. Gwaggo ta sa aka fito mata da kujera, aka dasa ta daidai bakin ƙofar shago, ta zauna ta harɗe hannu.

Injiniya ya ga jama'a, sai kansa ya ƙara girma. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ta bayani a kan waya da saƙo da mahaɗa. Ya sa mutane suka riƙa maimaita matakan a bayansa kamar 'yan makaranta: ido, harshe, yawu, numfashi. Ya koya musu dokokin na'ura guda biyu. Ta farko, daidai inda maciji ya sara ake maƙala waya. Ta biyu, duk abin da mara lafiya zai faɗa, dafi ne ke magana. Ya sa suka maimaita wannan ma. Ya daɗe yana zuba, har zakara ya yi barci a hammatar Tela.

Daga nan ya shiga ciki, ya sa ƙugiya ya jawo buhun. Buhu ya taho shafal, baki a buɗe, ba komai a ciki sai guntun ganye.

Wani ya ce maciji ya fita. Kafin a rufe baki, masu ƙasa sun hau benci, masu benci sun hau junansu. Gwaggo kaɗai ba ta motsa ba, ta dai naɗe ƙafafunta a kan kujera. Injiniya ya riƙa ja da baya yana leƙen ƙasa, har ya ci karo da teburin aikinsa, ya faɗa zaune a kai da dukkan nauyinsa. Nan take ya ji abu ya soke shi a mazaunai, tsini biyu, kusa da juna.

Ihu ya taso masa tun daga cibiya. Ya iso maƙogwaro, sai idonsa ya faɗa cikin na Gwaggo. Ya cire hularsa ya cusa a baki ya ciza, hawaye na zuba. Da abin ya lafa ya zare hular, ya ce da wata 'yar siririyar murya, "Ya sare ni."

Ya zame daga tebur ya kwanta a ƙasa. Mutumin da ya haddace matakai ba ya ɓata tsari. Ya ji fatar idonsa ta yi nauyi, ya sake ta ta sauko. Jama'a daga kan benci suka ce, "Ido." Ya dubi Tela ya ga kamar Tela biyu ne, abin da ya fi saran ciwo. Ya buɗe baki zai yi magana, tsoro ya busar da harshen, ya sarƙe. Jama'a suka ce, "Harshe." Yawu ya biyo gefen bakinsa, suka faɗi sunansa su ma.

Ya tattara abin da ya rage masa na ƙarfi, ya ce, "Asibiti. Ku kai ni asibiti. Akwai allura. Matata ta ji ƙarshen shirin."

Tela ya miƙa wa wani zakaransa, ya durƙusa kusa da shi, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Allah sarki. Kun ji dafi na magana."

"Tela, don girman Allah. Akwatin nan batirin mota ne kawai."

"Dafin ya yi nisa," in ji Tela. "Har ya fara zagin na'ura."

Baba Mai Gadi ya jingine sandarsa, ya naɗe hannun riga, ya ce shi ya san aikin akwatin nan ciki da waje, a bar masa. Ya tambaya ina ne wurin saran. Mai faci da mai kwanuka, waɗanda hannunsu ya riga ya saba, suka kife Injiniya, sai ga ɗigon jini biyu a bayan wando. Baba ya ce doka doka ce. Ya maƙala waya ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ya kaɗa ƙararrawa a hankali, ya sake kaɗawa don jin daɗinsa, ya yi bisimilla, ya danna.

Na ce muku ihun Baba ya tashi tantabaru. Na Injiniya sai da aka ji shi a tashar mota. Ya watsar da masu danne shi, ya tsallake akwati, ya tsallake ƙafar kujerar Gwaggo, ya faɗa titi wayoyi na binsa a baya kamar jela. Baba Mai Gadi ya juyo ya dubi jama'a, ya ce su duba da kyau, mutumin da ya kasa ɗaga fatar ido ɗazu ga shi can yana tsere.

Ana cikin wannan sai aka ji motsi a ƙarƙashin tebur. Kowa ya juyo. Wani ɗan kai mai tamoji ya leƙo, ganyen latas a bakinsa. Sai ƙafa ɗaya, sai ɗaya. Kunkuru ne, ya fito yana tafiyarsa ta masu hankali, ya ratsa tsakiyar shago, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon taron kamar shi ya gayyace su. Direba ya zauna a ƙasa riƙe da ciki don dariya.

Matar Injiniya ta bi mijinta ta kamo shi a bakin famfo, ta juya shi, ta zare abin da ke maƙale a wandonsa. Wani ɗan kayan cikin rediyo ne mai ƙafafu biyu kamar allurai, cikin waɗanda suka warwatse ranar da Tela ya harbi kantar shago. Ta ɗora masa a tafin hannu, ta ce ga gamsheƙansa.

Da aka dawo da shi, Gwaggo na nan a kujerarta, ta miƙo hannu, tafi a sama. Injiniya ya fara bayani. Ya ce a duba lamarin da adalci: ba baƙo aka cuta ba, ba maƙwabci ba, ihun nasa ne na kansa, mutum kuma yana da iko da ihunsa.

"Ihu na ce," in ji Gwaggo. "Ban zaɓi maƙogwaro ba. Kawo."

Ya laluba aljihu ya daɗe, kamar makullin zai canza shawara. Ya ɗora mata. Ba ta ko sa shi a jaka ba, ta miƙa wa Tela. Kafin rana ta faɗi keken ɗinki ya shiga ciki, an rataye riguna a ƙusoshin mahaifin Injiniya. Shi kuma ya kwashe wayoyinsa ya koma 'yar rumfar jikin bango, inda rana ke duka, ruwa ke jiƙawa. Ya daɗe yana aiki a tsaye, don zama bai karɓe shi ba. Kunkurun ya ƙi tafiya, ya tare a ƙarƙashin teburinsa, matar na aiko masa da ganye.

Kada ku ɗauka bakinsa ya mutu. Har gobe in ka zauna a rumfar zai gaya maka cewa duk wanda aka jona wa Tashi-Tsaye ya tashi tsaye, har da shi kansa, a nuna masa asibitin da ke da irin wannan tarihi. Batirin dai matarsa ta ba Direba, ya sa a mota.

Abu ɗaya ne ya canza a layin. Yanzu in ka kai wa Rabin Ji gyara, ya kunna rediyonka ana cikin shiri, ba ka isa ka ɗauka ka tafi ba. Da ka miƙa hannu za ka ji sanda ta sauka a hankali a kan kafaɗarka. Baba Mai Gadi ne ya tsallako titi. Zai nuna maka benci, ya ce ka zauna, komai saurinka, sai mai magana ya yi sallama.

Ƙurungus, kan ɗan kunkuru. Ku da kuka zauna har ƙarshe, ku tashi lafiya.